SHIRIN TAFIYA BIRNIN FAMAGUSTA: ABIN DA IYAYE DA IKKILISIYA ZA SU SANI KAFIN YARO YA HAU JIRGI

Jawabin da Kwamitin Ilimi ya gabatar a taron iyaye, dattawa da matasa

 

Abin da ya sa kwamiti ya roƙi a ba shi wannan lokaci shi ne, a 'yan shekarun nan iyalai da dama sun zo wurinmu da takardar samun gurbin karatu a tsibirin Kubrus, wanda 'yan jarida ke kira Sayifurus, kuma galibin takardun daga birni ɗaya suke, wato Famagusta. Wasu sun zo neman shawara, wasu neman taimakon kuɗi, wasu kuma ba mu ji labari ba sai ranar da aka roƙi a yi wa yaro addu'ar sallama. Mun san abin da ya tura iyaye wannan hanya. Yajin aikin malaman jami'a na shekarar 2020 ya kai wata tara, na 2022 kuma wata takwas, ga wahalar samun gurbi a gida. Saboda haka ba mu zo mu hana kowa tafiya ba, gama tafiya mabuɗin ilimi ce. Maganarmu guda ɗaya ce: kada a sake barin yaronmu ya tafi a makance. Idan zai tafi, Ikkilisiya ta aike shi da sani, ta kuma riƙe igiyarsa har ya dawo.

WANE GARI NE WANNAN?

Famagusta tsohon birni ne mai ganuwa a gabashin tsibirin Kubrus, a bakin Bahar Rum. Turkawa suna kiransa Gazimagusa, ko Magusa a taƙaice, kuma wannan sunan ne yaro zai gani a jikin motoci da allunan hanya. Duk mai karanta Littafi Mai Tsarki ya taɓa ziyartar wannan yanki ko bai sani ba. Kimanin kilomita 6 arewa da birnin akwai kangon Salamis, garin da Bulus da Barnaba suka fara sauka sa'ad da suka taso daga Antakiya, tare da Yohanna Markus yana taimakonsu, kamar yadda muke karantawa a Ayyukan Manzanni sura 13. Barnaba kansa mutumin Kubrus ne, kuma kusa da Salamis akwai wurin da Ikkilisiyar Kubrus ta yarda nan ne kabarinsa. Gidan ibadar da ke wurin yanzu ya zama gidan ajiye kayan tarihi.

Birnin ya yi arziki ne bayan shekarar 1291, lokacin da garin Akka na ƙasar Falasɗinu ya fita daga hannun Kiristocin Turai, 'yan kasuwa da 'yan gudun hijira suka kwararo Famagusta. Sun gina majami'u da yawa har ana cewa kowace rana ta shekara tana da tata. Mafi girma ita ce majami'ar Nikolas Mai Tsarki, wadda aka fara ginawa a 1298. Daga baya mutanen Benis na ƙasar Italiya suka mallaki tsibirin, suka ƙarfafa ganuwar da take tsaye har yau. A 1571 Daular Usmaniyya ta ci birnin bayan ta kewaye shi kusan shekara guda, aka mai da babbar majami'ar masallaci, wanda yanzu ake kira masallacin Lala Mustafa Pasha. Turawan Ingila sun karɓi mulkin tsibirin a 1878, Kubrus ta sami 'yancin kai a 1960, shekara ɗaya da Nijeriya.

Mun kawo wannan tarihi ne domin yaro ya san garin da zai zauna gari ne da ya sha canjin hannu, kuma mutanensa suna da tabon da baƙo bai kamata ya taɓa da wasa ba.

TSIBIRI ƊAYA, HUKUMA BIYU

Iyaye, idan za ku manta da komai a jawabin nan, kada ku manta da wannan sashe. A watan Yuli na 1974 aka yi juyin mulki a Kubrus da goyon bayan sojojin da ke mulkin Girka a lokacin. Bayan kwana biyar sojojin Turkiyya suka sauka a tsibirin, kafin ƙarshen watan Agusta sun riƙe kimanin kashi ɗaya cikin uku na ƙasar, har da Famagusta. Girkawa suka gudu kudu, Turkawa suka koma arewa. Unguwar Barosha ta Famagusta, wadda a da take cike da otal-otal na baƙi, aka zagaye ta da waya, ta zama kufai, sai a 2020 aka buɗe wani ɓangare nata ga masu yawon kallo. A 1983 arewacin ya ayyana kansa a matsayin ƙasa, amma har yau Turkiyya kaɗai ta amince da shi. Tsakanin arewa da kudu akwai wani zirin fili da sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya ke gadi.

Jamhuriyar Kubrus ta shiga Tarayyar Turai a 2004, amma dokokin Tarayyar ba sa aiki a arewa. To, Famagusta a arewa take. Ga abin da wannan ke nufi ga ɗanka ko 'yarka:

Na ɗaya, bizar arewacin Kubrus ba bizar Turai ba ce. Ba ta kai mutum Italiya ko Jamus ko Faransa, ba ta ma kai shi kudancin tsibirin. Duk dillalin da ya ce maka yaro zai shiga Turai daga nan, ka tuna hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Na biyu, jirgi ba ya zuwa filin jirgin sama na Erjan sai ta Turkiyya. Ɗan Nijeriya yana bukatar biza tun kafin ya tashi, kuma dole a tambayi ofishin jakadancin Turkiyya a Abuja game da izinin ratsa ƙasarsu, zuwa da dawowa. Hatta wasiƙa idan za a aika, ta garin Marsin na Turkiyya take bi.

Na uku, Nijeriya ba ta da ofishin jakadanci a arewacin Kubrus, domin ba ta amince da shi a matsayin ƙasa ba. Idan fasfo ya ɓace, ko yaro ya shiga hannun 'yan sanda, ko kuwa, Allah ya sawwaƙe, aka yi rasuwa, babu ƙofar gwamnatinmu da za a ƙwanƙwasa a kusa. Wannan yana cikin dalilan da suka sa a 2020 Hukumar Kula da 'Yan Nijeriya Mazauna Ƙasashen Waje, ƙarƙashin Abike Dabiri-Erewa, ta gargaɗi iyaye a fili game da tura yara can, bayan mutuwar wasu ɗalibai 'yan Nijeriya.

Na huɗu, gwamnatin kudu ba ta ɗauki filin jirgin Erjan a matsayin halaliyar ƙofar shiga ƙasa ba. Yaron da ya gaji ya tsallaka waya da dare ya zama mai neman mafaka, sai sansani da jira mara ranar ƙarewa. A 2021 wasu matasa 'yan Kamaru sun yi watanni a cikin tanti a wannan zirin fili, ba gaba ba baya, har Paparoma Faransis ya ziyarci tsibirin a watan Disamba na shekarar, aka shirya kwashe wasu baƙin haure zuwa Italiya. Ba kowa ne zai gamu da irin wannan sa'a ba.

A ZAUNA A YI LISSAFI

A Luka sura 14 Ubangijinmu ya yi misali da mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya lissafta abin da ginin zai ci, don kada ya kafa tushe ya kasa gamawa mutane su yi masa dariya. Karatun digiri gini ne na shekara huɗu, wani biyar ko shida. Kuskuren da muka fi gani shi ne, iyaye suna lissafin kuɗin zango na farko da tikitin jirgi, sauran kuma sai a ce Allah zai tanada. Hakika Allah yana tanadi, amma shi ne ya ba mu hankalin yin lissafi.

Yaro a Famagusta yana rayuwa da kuɗi iri uku ko huɗu. Cefane da kuɗin mota da lirar Turkiyya ake biya. Kuɗin makaranta da dala ko yuro ake yanka shi. Kuɗin haya kuwa sau da yawa da fam na Ingila ake faɗa, kuma masu gida sukan nemi na watanni a dunƙule tare da kuɗin ajiya. Uba kuma naira yake samu. A farkon 2018 dala ɗaya ba ta kai lira 4 ba, a farkon 2024 ta wuce lira 30, kayan masarufi suka yi ta tashi. A gida kuma, farashin gwamnati ya tashi daga kimanin naira 460 a kan dala ɗaya a tsakiyar 2023 zuwa sama da naira 1,500 a farkon 2024. Iyalin da suka yi lissafi a 2022 sun wayi gari kuɗin makaranta ya ninka sau uku a hannunsu, alhali makarantar ba ta ƙara ko sisi ba.

Sai maganar tallafin kashi 50 cikin 100 da ake rubutawa a takardar gurbi. Iyaye da yawa sun ɗauka yaronsu ne ya ci gasa, har an ba da shaida a sujada. Gaskiyar ita ce, jami'o'i da yawa a can suna ba kusan kowane ɗalibi baƙo irin wannan ragi. Rangwame ne na kasuwa, bai shafi ɗaki ko abinci ko inshorar lafiya ko kuɗin izinin zama ba.

Wani iyali a cikinmu, ba za mu kama suna ba, sun sayar da gona da shanun huɗa biyu, suka miƙa wa wani dillali kuɗin a hannu, domin ya ce yaro zai sami aiki ya riƙa biyan sauran da kansa. Yaro ya isa ya tarar rabin kuɗin kawai aka kai makaranta, aikin da ya samu na wanke-wanke a gidan abinci lokacin zafi ne kaɗai, albashin bai biya haya ba. Da bai biya kuɗin zango na biyu ba, bai yi rajista ba. Da bai yi rajista ba, izinin zamansa ya mutu. Da izini ya mutu, tara ta fara hawa kansa kowace rana. Wata bakwai yana ce wa mahaifiyarsa lafiya lau a waya, don kunya. Barnaba ma ya sayar da gona, amma a gaban manzanni ya ajiye kuɗin, inda kowa ke gani. Mu ma kuɗin gonarmu kada ya bi ta bayan gida.

Shawarar kwamiti ita ce: a rubuta kuɗin dukan shekarun karatu a takarda, da dala, a ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda tashin farashi, kada a sa albashin yaro a cikin lissafi ko kaɗan. A biya kuɗin makaranta ta banki kai tsaye cikin asusun jami'a, a riƙe rasit. Idan lissafi bai fita ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

TAKARDU DA INGANCIN MAKARANTA

Jami'o'i a arewacin Kubrus sun wuce 20 a ɗan ƙaramin yanki, kuma ba duka suke daidai ba. Akwai tsofaffi masu suna, kamar Jami'ar Gabashin Bahar Rum da ke Famagusta, wadda ta fara a matsayin makarantar fasaha a 1979 ta zama jami'a a 1986. Akwai kuma sababbi waɗanda ɗalibai baƙi ne jarinsu. Kafin a biya ko kwabo, a bincika ko hukumar YODAK mai kula da jami'o'in arewacin tsibirin da hukumar YOK ta Turkiyya sun amince da ainihin kwas ɗin da yaro zai yi, ba sunan makarantar kawai ba.

A nan gida kuma, wanda ya yi karatu a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardarsa kafin ya tafi bautar ƙasa. Mai karatun likita, ko jinya, ko haɗa magunguna, ko lauya, yana da majalisar sana'arsa da za ta gwada shi kafin ya fara aiki. Mu tuna a watan Janairu na 2024 gwamnati ta dakatar da tantance digirin jamhuriyar Benin da Togo, mutane da yawa suka zauna da takarda a hannu ba amfani. Matambayi ba ya ɓata. A je Abuja a tambaya tun yaro bai tafi ba.

Fasfo ya kasance da sauran shekaru a gaba. A yi hoton kowace takarda kashi uku: ɗaya a jakar yaro, ɗaya a gida, ɗaya a ofishin Ikkilisiya. Da ya isa ya fara neman izinin zama na ɗalibi ba tare da jinkiri ba. Za a yi masa gwajin jini da hoton ƙirji, don haka gara a yi waɗannan gwaje-gwaje a gida tukuna, kada a ji wani labari a ƙasar mutane. Kuma muna faɗa da babbar murya, musamman ga 'yan matanmu: kada ki ba kowa fasfonki ya ajiye miki, ko dillali, ko mai gida, ko mai ba da aiki. Wanda ya riƙe fasfonki ya riƙe ki.

KAYA DA ZAMAN GARI

Yanayinsu akasin namu ne. Ruwan sama da sanyi tare suke zuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu, gidajen haya da yawa kuma ba su da ɗumi, saboda haka rigar sanyi mai kauri da bargo da rufaffen takalmi wajibi ne. A Yuli da Agusta zafi yana kusan awo 40, ga gumin teku, ruwa kuwa ko ɗigo. Motoci hannun hagu suke bi kamar Ingila, yaro ya koyi duba dama kafin ya tsallaka titi. Soket ɗin lantarki mai baki uku ne irin namu. Da Turanci ake koyarwa a aji, amma kasuwa da ofisoshin gwamnati Turkanci ne, gaisuwa da ƙirga kuwa ba su fi ƙarfin mai niyya ba.

Iyayenmu mata, mun san za ku ɗaura yaji da kuka da daddawa. A niƙa su, a rufe da kyau, a rubuta suna a jiki. Nama da kilishi a bar su a gida. Kada yaro ya karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ɗan garinsu ne, domin hukuncin miyagun ƙwayoyi a can mai tsanani ne. Kada ya ɗauki hoto kusa da barikin soja, ga su nan da yawa a kewayen Famagusta. Kada ya ba abokai aron asusun bankinsa, gama ta nan 'yan damfara suke jawo marasa laifi cikin shari'a. Rigimar Girkawa da Turkawa kuma ba tasa ba ce, ya saurara ya yi shiru.

AIKIN IKKILISIYA

Yawancin mutanen arewacin Kubrus Musulmi ne, masu karɓar baƙi, waɗanda ba su cika damuwa da addinin mutum ba. Yaranmu sun saba zama 'yan tsiraru, wannan ba sabon abu ba ne a gare su. Jarabar can dabam ce: kaɗaici, da rashin idon kowa a kanka, da gidajen caca da ke ko'ina, da abokai masu kashe kuɗin da ba a san tushensa ba. Yaron da a ƙauye ba ya fashin sujada domin kowa zai lura, a can ba mai tambayarsa ran Lahadi. Akwai taron masu bi a Famagusta, akwai na Angilikan, akwai zumuntar ɗalibai 'yan Afirka, amma sai wanda ya nema.

Ikkilisiyar Antakiya ba ta ji labarin tafiyar Bulus da Barnaba a bakin hanya ba. Sun yi azumi da addu'a, sun ɗibiya musu hannu, sun sallame su, bayan tafiyar kuma mutanen suka komo suka ba da rahoto. Don haka kwamiti yana roƙon kowace majalisar dattawa ta amince da abubuwa biyar:

1. Iyali su kawo takardar gurbi gaban dattawa kafin a biya kuɗi ko a sayar da kadara, a nemi wanda ya san harkar ya duba.

2. Kada a yi baiko na musamman domin tafiya sai an ga lissafin dukan shekarun a rubuce.

3. Fasto ya ba yaro takardar shaida zuwa ga Ikkilisiyar da zai shiga, a kuma sami sunan mai bi ɗaya a can wanda zai tarye shi.

4. A naɗa dattijo ɗaya ko uwa ɗaya daga Zumunta, wanda ba iyayensa ba, ya riƙa kiransa sau ɗaya a wata, ya tambaye shi a fili: ka yi rajista? Izininka yaushe zai ƙare? Ina ka yi sujada? Abin da yaro ba zai iya faɗa wa mahaifiyarsa ba, zai iya faɗa wa wani.

5. A ware kuɗin tikitin dawowa a ajiye, kada a taɓa shi ko da wane dalili.

KAMMALAWA

Wannan na biyar shi ne ya fi mana nauyi a zuciya. Yohanna Markus ya bi manzanni har Salamis, ya ratsa tsibirin tare da su, amma da suka haye Bamfiliya ya juya ya koma gida. Bulus ya ƙi sake tafiya da shi, har suka rabu da Barnaba a kan maganar. Barnaba ya ɗauki saurayin ya sake komawa Kubrus da shi, kuma a ƙarshen ransa Bulus da kansa ya aika a kawo masa Markus domin yana da amfani a gare shi. Yaranmu da yawa sun maƙale a ƙasar mutane ba don rashin hanya ba, sai don tsoron abin da za a faɗa a ƙofar majami'a. Iyaye, ku gaya wa yaro tun yana ɗaure jaka cewa idan abu ya ƙi, ya dawo, gida gida ne. Mu kuma Ikkilisiya mu kama bakinmu, mu zama Barnaba ga wanda ya komo hannu wofi.

Matasa, kwamiti yana zama Asabar ta farko a kowane wata, ku zo da takardunku. Dattawa, muna roƙo ku kai wannan magana ƙananan majami'un da ba su sami zuwa ba.

Allah ya kiyaye fitar 'ya'yanmu da shigarsu, ya ba iyaye hikima, ya ta'azantar da waɗanda nasu ke cikin wahala a can.  Ubangiji ya sa mana albarka duka. Amin.